Yadda ake shuka goji a gida a Bauchi, daga iri har zuwa shanya

Tun ranar da na ɗora hoton 'ya'yan gojin nan na bayan ɗakina, wato wani itacen ƙasar Sin mai ƙananan jajayen 'ya'ya da ake ci, a WhatsApp ban huta ba, wannan ya kira wancan ya turo saƙo, wata Hajiya maƙwabciyarmu ma da kanta ta tako har gida bayan la'asar tana cewa "Malam wai wannan barkono ne ko me?" Toh sai naga gara in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in tura masa. Abinda zan faɗa abinda nayi ne da hannuna a nan cikin garin Bauchi, har da inda na tafka kuskure.

Kafin komai ka riƙe wannan, don duk matakan a kansa suke: a wajenmu ruwa ne ke kashe goji, ba rana ba. Itacen nan gidansa yankin Ningxia ne a arewa maso yammacin ƙasar Sin, musamman gundumar Zhongning, wuri ne busasshe wanda ruwan samansa na shekara bai wuce milimita 200 da wani abu ba, da ban ruwa daga Rawayen Kogi suke nomansa. Mu kuwa a Bauchi muna samun wajen milimita 1000, kuma mafi yawansa a Yuli da Agusta yake zuba. Kaga kenan duk dabarar ita ce yadda zaka tsallakar da shi marka. Ɗan uwan tumatir ne da barkono da gauta, in ka taɓa renon tumatir rabin aikin ka riga ka iya.

Kayan da zaka tanada

Busasshen goji ƙaramin ƙunshi ɗaya, ledar reno, durom ɗin roba ko bokitin fenti mai lita 20 zuwa sama, yashin kogi, ruɓaɓɓen takin shanu, toka, sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi, almakashin yankan reshe ko wuƙa mai kaifi, safar hannu saboda yana da ƙaya, sai tsohon gidan sauro. Kuɗin gaske wuri biyu yake tafiya, iri da durom. Iri kar ka sayi babban ƙunshi, giram 100 ma ya yi maka yawa don iri dubbai ne a ciki. Durom kuma ka sayi guda ɗaya a raba maka biyu ka samu mazubi biyu, in ka zaga kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti zaka samu na hannu, amma ka tambaya me aka taɓa zubawa a ciki, wanda ya ɗauki mai ko sinadari ka barshi ko da araha ne. Yashi da taki da toka kusan kyauta ne, kuɗin mai kura ne kawai.

1. Samun iri

Hanya mafi sauƙi ita ce busasshen gojin da ake sayarwa don ci, wanda yake kama da jan zabibi, a manyan shaguna ko wajen masu kayan shayi. Kowane ɗa ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyin iri daga 10 har sama da 30, ƙanana, sun fi na tumatir ƙanƙanta. Ka zaɓi mai ja sosai mai ɗan laushi. Wanda ya yi baƙi ko ya manne da juna ya tsufa.

Hattara: wani busasshen da zafin inji aka busar da shi, irin ya mutu a ciki. Don haka ka gwada tukuna, ka sa ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma ka naɗe a leda, in sati biyu suka wuce ko ɗaya bai tsage ba ka canza wajen saye. Sannan masu tallan iri a intanet da hoton bishiya ta yi jajir kamar an zuba mata fenti, a yi hankali da su, ni na taɓa biya aka aiko min da abinda ya tsiro ya zama barkono. In kuma dashe zaka shigo da shi daga waje, sai da izinin hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai, kar ka sa a cuso maka a jaka.

2. Lokacin farawa

Ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, ruwa ya ɗauke amma sanyi bai kankama ba. Iri yana son ɗumi na digiri 20 zuwa 25 kafin ya tsiro, in ka bari sai Disamba ko Janairu da hazo ya sauka dare yayi sanyi zai daɗe bai fito ba. Fa'idar wannan lokacin ita ce shukar zata samu wata bakwai tana yin saiwa kafin damina ta zo. Wanda ya shuka a Yuni wai don ruwa ya sauka, kamar yadda muke yiwa masara, toh ya miƙa jarirai ne ga marka.

'Yan uwanmu na Toro da Tafawa Ɓalewa da Bogoro da ke kusa da tsaunukan Filato sun fi mu sa'a, sanyinsu ya fi namu kuma goji itacen ƙasar sanyi ne. Na Azare da Misau da Gombe kuma ruwa bai kai namu ba amma zafin bazara ya fi, su inuwar yamma zasu fi baiwa muhimmanci.

3. Jiƙo da yayyafi

Ka jiƙa 'ya'ya kamar 10 a ruwa mai ɗan ɗumi su kwana. Da safe zaka ga sun kumbura, ka murje su da yatsa a cikin rariyar shayi kana zuba ruwa har naman ya fita ya bar iri tas. Ka baza a takarda su sha iska na awa ɗaya ko biyu a inuwa. In ka bar naman a jiki fumfuna zata kama kuma tururuwa zasu kwashe.

Ka cika ledar reno da yashi kashi biyu taki kashi ɗaya, ka huda ƙasan ledar. Ƙwaya uku a kowace leda, zurfin rabin santimita kawai, wato ka ɗora ka barbaɗa ƙasa sama-sama. Ruwa da hannu zaka yayyafa ko ka huda murfin gora, kar ka kwara da buta ya binne irin. Ka ajiye inda hasken safe ke samu. Kwana 10 zuwa 14 zaka fara ganin su, siririn abu kamar zare da ganye biyu. In sun yi ganye huɗu ka bar mafi ƙarfi ɗaya a kowace leda, sauran ka yanke da farce, kar ka tuge don zaka girgiza saiwar wanda ka bari.

Hattara: ƙadangaru da kaji. A kwana ɗaya ƙadangare ya share min leda takwas. Tun ranar farko ka rufe da gidan sauro.

Ka reni fiye da abinda kake buƙata. In bishiya uku kake so ka reni 12, domin na iri ba sa fitowa iri ɗaya, wani zai yi 'ya'ya manya masu zaƙi wani ƙanana masu ɗaci, wani ma ganye kawai zai yi ta yi.

4. Haɗa ƙasa

Nan ne na yi asara ta farko kuma nan nake so ka fi natsuwa. Shekarar farko na haƙa rami shida a tsakar gida, ƙasarmu laka ce mai riƙe ruwa, na zuba taki na dasa, suka yi kyau har Yuli ina ta murna. Da marka ta kama a Agusta aka yi kwana huɗu ana yayyafi ba rana, sai naga ganye yana yin rawaya yana zuba alhali ƙasa jiƙe take. Da na tuge ɗaya saiwar ta yi baƙi tana wari kamar ruɓaɓɓiyar albasa, fatar tana saluɓewa a hannu. Huɗu suka tafi a sati ɗaya. Biyun da suka tsira sune na gefen katanga inda ƙasa ta ɗan yi tudu kuma ragowar yashin gini ya gauraye da ita. Daga nan na gane rami a cikin laka tukunya ce kawai kake haƙa wa ruwa.

Yanzu ga yadda nake haɗi: yashin kogi kashi biyu, ƙasar gona kashi biyu, ruɓaɓɓen takin shanu kashi ɗaya, sai toka cikin hannu biyu a rabin durom. Tokar tana da dalili, goji ya fi son ƙasa mai ɗan kanwa-kanwa, awon pH daga wajen 7 zuwa 8, ƙasarmu kuma yawanci ta ɗan karkata wajen tsami. Amma kar ka ga haka ka juye masa tokar murhu gaba ɗaya, zata ƙone saiwa.

Gwaji mai sauƙi: ka jiƙa haɗin ka dunƙula a hannu, in ka buɗe hannu ka taɓa da yatsa ya wargaje toh yayi, in ya tsaya kamar ƙwallon tuwo ƙara yashi.

In a durom ne, ka huda ƙasansa aƙalla wuri 10 da ƙarfe mai zafi, huji mai faɗin yatsa, ka ƙara wasu a gefe can ƙasa, sannan ka ɗora shi akan bulo biyu kar ya zauna a ƙasa. In a ƙasa zaka dasa kar kayi rami, tudu zaka yi kamar na doya, tsawon santimita 30 zuwa 40, kuma nesa da inda indararo ke zuba. Mai ƙasar jigawa shi ya huta, ɗan tudu kaɗan ya ishe shi.

Hattara: kar ka ɗebo ƙasa daga inda aka noma tumatir ko barkono ko yalo bara. Cutar da ke kama su, har da tsutsar nan da ke sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu, tana kama goji tunda dangi ɗaya ne. Ɗanyen kashin kaji ma a'a.

5. Dashe

In shukar ta kai tsawon santimita 15 zuwa 20, wajen wata biyu zuwa uku kenan, ka dasa da yamma bayan la'asar. Ka yaga ledar da reza kar ka zaro, don yana da doguwar saiwa guda da ke nutsawa ƙasa kuma bata son a karya ta. Ka dasa daidai zurfin da yake a leda, ka danna gefe, ka bashi ruwa sosai sau ɗaya. Ka kafa sandar a ranar, in ka bari sai ya girma zaka soke saiwa. Tsakanin wannan da wancan mita ɗaya da rabi.

Wurin ya zama yana samun rana awa shida zuwa sama, in da hali ranar safe zuwa azahar, katanga ko bishiya ta tare masa ta yamma. A inuwa zalla zai yi tsawo ba 'ya'ya. Akuya kuma tana cinsa duk da ƙayar, a kewaye.

6. Ban ruwa

Wannan ya danganta da lokaci, kuma yatsanka shine ma'auni. Ka tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu, in da danshi ka barshi.

Da hunturu ƙaramin dashe kwana biyu-biyu, in ya kama sau biyu a sati ya isa. Zai iya zubar da ganye a Disamba ko Janairu, kar hankalinka ya tashi, ɗabi'arsa ce, hutu yake. Ka kankare bawon reshe da farce in kaga kore a ciki yana da rai. Mutane da yawa a nan suke cewa ya mutu su tuge, ko su yi ta ɗura masa ruwa wai su farfaɗo da shi har su kashe shi da gaske.

Da bazara, Maris da Afrilu da zafi ke kaiwa digiri 40, na durom kullum da sassafe ko bayan magariba, ka rufe saman ƙasar da ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa amma kar ta taɓa gindin saboda gara. Durom baƙi ko shuɗi yana ɗaukar zafi har ya dafa saiwa, ka naɗe shi da buhu ko ka shafa masa farin fenti. In fure yana kakkaɓewa a wannan lokacin zafi ne, ka ɗaura masa gidan sauro ninki biyu a sama daga azahar.

Da damina kuwa ka ajiye butar, sai in yatsanka ya nuna maka ƙasa ta bushe. Ka kwashe ɓuntun nan don ƙasa ta riƙa shan iska. Daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Satumba na durom ka ja shi ƙarƙashin baranda inda haske ke shiga amma ruwa baya dukansa kai tsaye, wannan ne babban dalilin da yasa nake cewa mai farawa ya fara da durom. Na ƙasa kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi ka fita ka duba, in ruwa ya kwanta a gindin ka ja masa hanya da fartanya a take, kar kace sai gobe.

7. Taki

Kaɗan. Ruɓaɓɓen takin shanu cikin kwano ɗaya a Oktoba, wani a Fabrairu. In zaka sa na zamani NPK 15-15-15 cokali ɗaya ya isa, nesa da gindi, ka bi da ruwa. Yuriya kar ka sa masa, ganye zai yi ta yi yayi duhu gwanin sha'awa ba fure, kuma darɓa ta samu wurin zama.

8. Aski

In ka bar goji yadda yake so zai zama sarƙaƙiya, rassa dogaye sirara suna kwanciya a ƙasa ga ƙaya, ba ka iya sa hannu. Kuma a sabon reshe yake yin 'ya'ya, wanda ya fito a wannan shekarar, don haka askin nan shine ke kawo amfanin.

Shekarar farko ka zaɓi reshe ɗaya mafi ƙarfi ya zama uwa, ka ɗaure shi a sanda da tsumma, sako-sako, banda waya ko igiyar leda mai yanka. In ya kai wajen santimita 60 zuwa 80 ka tsinke kan, zai fitar da rassa ta gefe, ka bar huɗu ko biyar da suka kalli ɓangarori daban-daban. Duk abinda ya fito ƙasa da santimita 40 daga ƙasa ka cire. Abinda kake nema siffar lema ce, gindi ɗaya tsaf, rassa suna zubowa daga sama, iska tana ratsawa.

Babban aski sau ɗaya a shekara, a Janairu lokacin da ya zubar da ganye. Ka cire busassu, da masu gogar juna, da masu komawa ciki, sauran rassan gefe ka rage su ka bar kamar taƙi ɗaya. Zai yi kama da ka lalata shi, matata ma ranar farko cewa tayi "Abban yara ai ka kashe shi", amma sati uku bayan nan toho ya rufe shi. Sannan akwai 'ya'yan da ke ɓullowa daga saiwa a gefe, wani har taku biyu daga gindin, ka riƙa cire su da zarar ka gani in ba haka ba zasu cinye maka fili su kuma janye ƙarfin uwar.

Hattara: kar ka yi babban aski a cikin damina, ciwon yankan baya bushewa, ruɓa ke shiga ta nan. Kuma ka goge almakashi da sufirit kafin ka koma kan wata bishiyar.

9. Ƙwari da cuta

Darɓa da farin ƙuda a bayan ganye, sai jan gizo-gizo ƙanana da ke zuwa da hazo ganye yayi kamar an yayyafa masa ƙura. Ni ganyen dogon yaro nake dakawa cikin kwano ɗaya in jiƙa a lita 5 ya kwana, in tace in sa ɗan sabulu, in fesa da yamma musamman bayan ganyen, sati-sati har su ɗauke. In kaga farin gari a kan ganye kamar an barbaɗa fulawa fumfuna ce, alamar rassa sun cushe, ka cire ganyen da ya kamu ka ƙone ka rage cunkoso. Ganyen da yayi ƙuraje-ƙuraje shima cirewa ake a ƙone.

Dan Allah kar a ɗauko maganin feshin wake a fesa wa abinda yara zasu tsinka su jefa a baki.

10. Fure, tsinka da shanya

Furen ƙarami ne ruwan shunayya, kuma bishiya ɗaya ma tana iya yin 'ya'ya ita kaɗai, sai dai in suna da yawa zuma na zagayawa sun fi yi. Na iri ka sa ran 'ya'ya a shekara ta biyu ko ta uku, na farko 'yan kaɗan ne cikin tafin hannu, sai ya shekara huɗu zuwa biyar yake cika ƙarfinsa. Kar wani ya ruɗe ka da lissafin miliyoyi, wannan na ci ne a gida da kyauta wa maƙwabta. Nawa sun fi yi bayan ɗaukewar ruwa zuwa farkon sanyi.

Daga fure zuwa nuna wajen kwana 35 zuwa 40 ne. Da sun fara ja ka rufe da gidan sauro don tsuntsaye sun fi ka sammako. Ka jira sai yayi ja sosai ya ɗan yi laushi, ɗanye kore ba a ci. Kuma ko jan ma ɗanyensa yana da ɗan ɗaci-ɗaci kamar tumatir da ya haɗu da gauta, sai ya bushe zaƙin ke fitowa. Wajen tsinka a hankali, fatar bata da ƙwari, inda ka matse baƙi yake yi. Ni faranti nake tarawa a ƙasa in riƙa tsinkowa da ɗan sandan jikinsa.

Shanya tana da ɗan sirri. Fatar tana da wani maiƙo kamar kakin zuma da ke hana ruwa fita, shi yasa manoman Ningxia suke tsoma shi a ruwan soda kafin su shanya. Mu muna da kanwa, ka jiƙa 'yar kaɗan a ruwa marar ƙarfi ka tace, ka tsoma kamar rabin minti ka tsame. Ka baza a faranti ko tabarma ɗaya-ɗaya kar su hau juna, ka rufe da raga saboda ƙura da ƙuda, kwana biyun farko kar ka juya su. Da iskar hunturu kwana biyar zuwa bakwai sun yi, alamar ita ce in ka damƙa ka saki basa mannewa. Kilo 4 zuwa 5 na ɗanye ne ke bada kilo ɗaya busasshe. Ka zuba a kwalba mai murfi, in damina ta shigo ka sa a firij don yana jan danshi. Muna jefa shi a shayi, a kunun gyaɗa, yara kuma haka suke ci.

Hattara: mai shan maganin tsinka jini warfarin kar ya ci sai ya tambayi likita, goji yana ƙara masa ƙarfi har ya jawo zubar jini. Mai shan maganin suga ko hawan jini da mai juna biyu suma su tambaya tukuna. Abinci ne mai kyau, amma kar wanda ya ajiye maganin asibiti saboda shi.

11. Ƙara yawansu

In bishiyoyinka sun yi 'ya'ya ka ɗanɗana ka gane wadda ta fi, daga nan ka daina wahala da iri. Lokacin askin Janairu ka zaɓi rassa masu kaurin fensir daga ita wannan ɗin, ka yanka santimita 15 zuwa 20, ka kula da wane ne kai wane ne gindi don in ka juya shi ba zai kama ba. Ka soka kashi biyu cikin uku a ledar yashi mai danshi, ka ajiye a inuwa ka rufe da farar leda mai 'yan huji. Sati huɗu zuwa shida zai yi saiwa, in ka ɗan ja a hankali kaji ya riƙe toh ya kama. 'Ya'yan gefen nan da nace a riƙa cirewa suma in ka haƙo su da saiwarsu dashe ne kyauta. Irin wannan yana fitowa sak uwarsa kuma yana riga na iri yin 'ya'ya da kusan shekara guda. Ka soka 10 ko fiye don ba duka ke kamawa ba, wanda ya kama kuma ka barshi a leda sai ƙarshen Fabrairu ka mayar da shi durom kafin zafin Maris ya sauka.